Littafin Awo

Ni ba ni da katin jam'iyya.
Keken ɗinki gare ni a Fagge
da wani littafin awo mai shuɗin bango
wanda ɓera ya ci gefensa.
Tarihin Tasi'u Lawi yana ciki,
mai son gaskiyarsa ya zo ya duba.

Shafi na tara: ƙugu talatin da biyu.
Malamin firamare ne a lokacin,
farin alli bai bar farcensa ba.
Yadi biyar ya kawo, bashi daga Kwari,
ya ce, "Ubale, kansila nake nema,
ɗinka min wadda za ta ɓoye ramata."
Na sa mata sitaci har tana tsayuwa da kanta.
Ya ci zaɓe. Kuɗin ɗinki sai bayan wata uku.

Kwalbatin layinmu aikinsa ne,
ba zan ci haƙƙinsa ba.
Kafin nan duk damina a kan tebur muke kwana,
ruwa yana yawo da ƙyallaye a ƙasa.

Talatin da takwas: ya zama ciyaman.
Shadda ta kori yadi.
Ya ce in zurfafa aljihu, ƙarin inci huɗu.
Na ɗago na dube shi, ya yi dariya:
"Kar ka zarge ni. Zo ƙofar gidana da asuba
ka ƙirga masu takardar asibiti,
da masu suna gobe, da waɗanda haya ta kora,
ka faɗa min aljihun da zai ishe su."
Na je kuwa. Arba'in da ɗaya na ƙirga.
Amma rijiyar burtsatsen nan
da ya yanke zarenta da almakashina,
kwana tara ta yi tana ba da ruwa.
Ita ma ban manta ba.

Arba'in da huɗu: majalisar jiha.
Wannan awon ba ni na ɗauka ba,
direba ya kawo tsohon wando ya ce a ƙara.
Shekara takwas ina yi wa mutum ɗinki
ba na ganinsa sai a bangon Ƙofar Mata,
yana murmushi cikin aikin hannuna.
A rediyo na ji ya kawo ƙuduri kan albashin malamai.
Aka tafa, aka kafa kwamiti,
kwamitin ya sha shayi.
Sau biyu ya sauya sheƙa,
sau biyu aka aiko a canza launin zaren wuya.

Sai zaɓen fid da gwani.
Wakilai suka karɓi nasa da magariba, suka rantse,
suka karɓi na wani bayan isha'i.
Yaron da ke riƙe masa waya, shi ya kayar da shi.

Jiya da la'asar adaidaita ta tsaya a ƙofar shago.
Shi kaɗai, da leda biyu.
Ciwon suga ya yi masa abin da adawa ta kasa.
Ya ce, "Ubale, a rage su."
Na zagaya masa tef: talatin da uku.
Inci ɗaya tak ya tsira da shi
daga shekara goma sha bakwai.

Ya zauna a benci yana kallon kwalbati.
"Ashe yana nan?"
Na ce yana nan, ya fi hotunanka ƙarko.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na ce, aljihun fa? Almakashi na hannuna.
Ya daɗe yana murza bakin ledar.
"Bar shi yadda yake.
Yau ma mutum uku sun zo da asuba.
Sun san na faɗi, amma sun zo."

Na rubuta a shafi na tara, ƙarƙashin tsohon awo.
Kuɗin ɗinki, ya ce, sai ƙarshen wata.